Ramar da Ma'aunin Stice Ya Gani

Na karanta binciken da Eric Stice, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 2008, kuma ban samu natsuwar da masu yabonsa suka samu ba. 'Yan mata 481 waɗanda surar jikinsu ke damu aka bibiya har shekara uku. An sa wasunsu su soki ɗaukaka siranta, da baki da alƙalami, sai haɗarin kamuwa da larurar cin abinci ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Dabarar tana da hikima: wadda ta kushe ra'ayi a gaban tsaranta takan ji nauyin komawa gare shi.

Amma rukunin da aka koya wa daidaita abinci da motsa jiki kawai, kashi 61 ya samu. To, wanne ne ya kare su, dabarar ko kulawar?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, budurwar Kano da ke haɗiyar ƙwayar sa ƙiba gabanin aurenta, saboda gorin rama, baƙin cikinta ɗaya da nasu, ma'aunin kuwa masu neman siranta ya sani.