Sharhi Kan Kalmar "Gwaranci"

Sau da yawa idan mun zauna nazarin waƙa, aka zo kan baitin da ma'anarsa ba ta fita ba, sai a ce mawaƙin ya yi gwaranci. Ni kam ina ganin wannan kalma ba ta dace da bakin manazarci ba.

Mu duba asalinta. Daga "Gwari" aka ciro ta, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-anci", kamar Turanci da Fulatanci. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce harshen Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Da yake kunnen Bahaushe bai kama harshen ba, sai ya mai da sunansa laƙabin duk maganar da ba a ganewa, har da ta yaro mai koyon magana. Gazawar ta mai sauraro ce, aka ɗora wa mai magana.

Haka Larabawa suka kira wanda ba Balarabe ba "ajami", wato wanda maganarsa ba ta fita. Nan Ajaminmu ya samo sunansa. Ashe abin da muka yi wa Gwarawa, mu ma an yi mana.

Saboda haka in baiti ya shige mana duhu, mu nuna inda ya shige: kalma ce baƙuwa, ko jumla ce ta karye? Wannan shi ne nazari.