Tsohuwar da Ta Iya Taya Zaman Takaba

A ƙasar Gumel, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, gidan mutuwa ba ya rasa jama'a a kwana ukun farko. Maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata cike da tsakar gida, ana ta "ya haƙuri?" ana "Allah ya jiƙansa". Da an yi addu'ar uku kowa sai ya kama gabansa, mutanen Maigatari su koma harkar kasuwarsu ta ranar Alhamis, na Gagarawa da Sule Tankarkar su koma gona. Sai a bar matar mamaci da ɗaki da takabar wata huɗu da kwana goma. A nan ne aikin wata gwana yake farawa.

Kusan kowace unguwa tana da ita. Galibi tsohuwa ce, wadda ita ma ta taɓa binne miji ko ɗa. Ba ta zuwa da wa'azi, don ta san an riga an cika wa mai takaba kunne da "ki yi haƙuri". Kwarya take shigowa da ita, da gyaɗa ko zoɓon da za a ɓare, ta zauna a gefen tabarma, ta tura wa matar rabi. Hannu yana aiki, ido yana kan kwarya, ba mai kallon fuskar wani, kuma a haka bakin da ya ƙi buɗewa a gaban jama'a yake buɗewa.

Tambayoyinta ƙanana ne. "'Yar nan, kin samu barci jiya?" Idan aka ce "Inna, sai da asuba na runtsa," ba ta cewa komai, sai ta jira. Jiran nan shi ne ƙwarewar, domin yawancinmu shiru yana yi mana nauyi, mukan yi saurin cike shi da nasiha. Ita kuwa tana barin sa har maganar da ke ƙasa ta taso: bashin da marigayi ya bari, faɗan da suka yi ba su shirya ba, tsoron 'yan'uwan miji a kan gado. In kuka ya zo ba ta tare shi. Abin da ta ji a ɗakin kuma ba ya fita bakin zaure.

Wani lokaci takan jawo wata da ta fita takaba bara, su zauna su uku. Idan kishiyoyi ne ke takabar tare, ta san wadda za ta fara gani ita kaɗai kafin ta haɗa su.

Likitoci sun san darajar irin wannan. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya fara horar da kakanni mata a 2006 su riƙa zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka yi wannan zama sun fi samun sauƙi.

Abin da ya fi burge ni da gwanar tamu shi ne ta san inda hannunta ya tsaya. Idan makonni suka wuce matar ba ta ci ba ta barci, ko ta fara cewa gara ta bi shi, tsohuwar takan kira babban gida ta ce a kai ta asibiti. Babban Asibitin Gumel yana kusa, akwai kuma asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure. Ba kowace tsohuwa ce ta san waɗannan alamomi ba, wasu har yanzu aljanu suke ɗora wa komai. Ya kamata hukumomin lafiya na Jigawa su nemo waɗannan mata unguwa-unguwa, su koya musu alamomin da ke buƙatar likita, su kuma haɗa su da ma'aikatan asibitin da ke kusa da su.