Tazyinul Waraƙati: Mawaƙi Bayan Faɗuwar Alƙalawa

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya harhaɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, zamanin yana zaune a Boɗinga, Shehu Usmanu kuwa yana Sifawa, watau shekara 5 bayan cin Alƙalawa. Tsarin littafin shi ne a kawo labari a zube, sa'an nan a biyo da waƙar Larabcin da ya yi kan al'amarin. Akan ɗauke shi tarihin yaƙe-yaƙe kurum, alhali ƙarfinsa yana wurin da mawaƙin ya bar Gobirawa ya juyo kan jama'arsa, yana zarginsu da son mulki da tara dukiya. Wannan ɓacin rai ne ya fitar da shi a 1807 da niyyar zuwa Makka, har Kanawa suka tsai da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami.

Makamancin haka ya sami Sun Yat-sen a ƙasar Sin. Da sarautar ƙasar ta faɗi a 1912, sai ya sakar wa Yuan Shikai shugabanci, Yuan kuwa ya naɗa kansa sarki a 1915. Darasin Tazyini ke nan: akan tuɓe sarki a bar halin sarauta, kuma wanda ya sha wuyar tuɓewar shi ke fara ganewa.