Maharbin da ya cire madubi daga bindigarsa

A jihohin kudu na Amurka aladun daji sun zama annoba. Ma'aikatar noma ta ƙasar tana ƙiyasta yawansu da kimanin miliyan 6, sun bazu a jihohi fiye da 30, kuma asarar da suke jawowa ba ta kasa dala biliyan 1.5 a shekara. Asalinsu aladun gida ne da Sifaniyawa suka shigo da su. Hernando de Soto ya sauka da nasa a Fulorida a 1539. Daga baya masu hali suka kawo na dajin Turai don nishaɗin farauta, irin waɗanda aka zuba a Hooper Bald da ke Karolina ta Arewa a 1912, suka ɓalle daga shinge suka cakuɗa da na gida. Jikokinsu ne yau suke kwana suna tone gonar masara da gyaɗa, gari ya waye manomi ya tarar da ita kamar an bi ta da garma.

Da ɓarna ta yi yawa sai hukuma ta sakar wa maharba mara. A 2011 jihar Teksas ta halatta wa mutum ya biya kuɗin kujera a jirgi mai saukar ungulu ya harbi aladu daga sama. A 2019 ta ce ba a ma bukatar lasisi, muddin filin na wani ne kuma mai filin ya yarda. Kasuwa kuwa ta biyo baya da kayanta: madubin da ke ganin zafin jikin dabba a tsakar dare, bindigar AR-15 mai cin harsashi 30, da abin toshe ƙara. Har ta kai da yawa daga sababbin bindigogin farauta ana ƙera su sumul, babu ƙarfen saiti a kansu, don masu ƙerawa sun ɗauka kowa madubi zai ɗora.

Cikin wannan yayi ne waɗansu maharba suka juya baya. Sun kwance madubi sun ajiye, sun ɗauko irin bindigar kakanninsu, Winchester samfurin 1894 ko Marlin 336, masu cin harsashin .30-30 wanda ya fito tun 1895, suna shiga fadama da ƙafa. Ni ina tare da su, kuma dalilina ba sha'awar tsohon kaya ba ne.

A dubi yadda ake saiti da irin wannan bindiga. Kusa da idon maharbi akwai ɗan ƙarfe mai tsaga, can a bakin bindiga akwai wani ɗan tsinke a tsaye. Aikinsa shi ne ya zaunar da tsinken a tsakiyar tsagar, kansu ya daidaita, sannan ya ɗora su a kan inda yake son harsashi ya shiga. Abu uku ke nan a nisa daban-daban, ido kuwa ɗaya kawai yake iya gani tar a lokaci guda. Don haka sai ya kafa ido a kan tsinken, ya bar tsagar da dabbar su yi ɗan dishi-dishi. A nisan mita 100 kan tsinken nan yana rufe wani babban yanki na ƙirjin alade. Bindigar da kanta take gaya wa mai ita cewa ya yi nisa, ya matso.

Matsowar nan ita ce farauta. Alade ba shi da ƙarfin gani, amma hancinsa ba ya kuskure. Wanda zai kusance shi zuwa mita 40 ko 50 dole ya san inda iska ta dosa, ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda ta karkata, ya zagaya ko da zagayen zai ci masa sa'a guda. Dole ya iya karanta ƙasa: tonon jiya ne wannan ko na ɗazu, taɓon da aladen ya goga a gindin itace ya bushe ko da sauran danshi, tsayin gogar nan na babban namiji ne ko na matashi. Ya iya sanɗa, ya san lokacin da zai tsaya cak don garken ya daina cin abinci ya ɗaga kai. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin maharbanmu masu bindigar toka ya san wannan ilimi, domin da shi suka rayu, kuma ba a sayar da shi a kanti. Mai madubin zafi yana zaune a kan mota mita 200 daga garke ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki, abin da ba a bukata kuwa a hankali ake mantawa da shi.

A cikin sarƙaƙiya ma ƙarfen ya fi madubi amfani. Maharbi yana buɗe da ido biyu, yana ganin abin da ke gefensa, ruwan sama ko raɓa ba sa dusashe masa gani. In namijin da aka raunata ya taso masa da haure daga taku 15, mai madubi mai ƙara girma baƙin gashi kawai zai gani ya cika masa ido.

Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi, kuma a kansa ba na sassauci. Babban namijin alade yana da wata fata mai kauri da tauri da ta lulluɓe masa kafaɗu, zuciyarsa da huhunsa kuma sun fi na barewa yin gaba da ƙasa. Wanda ya harba bayan kafaɗa yadda ya saba da barewa, sau da yawa hanji yake samu, dabbar ta shige duhuwa ta kwana tana mutuwa. Ƙarfen saiti kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa idan magariba ta kawo jiki, daidai lokacin da aladu suke fitowa. Ido ma yana tsufa. Mutum ya haura shekara 45 tsinken nan ya fara yi masa gizo. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai gwada kansa a kan takarda ba har ya san iyakar nisan da ba ya kuskure, ba shi da hurumin gwadawa a kan mai rai. Mu ba ma cin naman alade, amma haramcin namansa bai halatta azabtar da shi ba. Wanda idonsa ya gaza ya mayar da madubinsa, babu abin kunya a ciki.

Abu na biyu, kada masu wannan salo su ce taimakon manoma suke yi. Uwar alade tana ɗaukar ciki kwana 115 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, 'ya'ya biyar ko shida a kowane zubi. Masana a Teksas sun lissafa cewa sai an kashe kusan kashi biyu cikin uku na aladun a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake. Mai bindiga marar madubi yana kayar da ɗaya, sauran su watse, su ƙara wayo, su koma fitar dare. Shi ya sa a 2016 jihar Misuri ta hana farautarsu a filayen hukumarta ta kare daji, ta koma ga manyan tarkuna masu kama garke sukutum. An kuma sha kama mutane suna ɗaukar aladu a mota suna sakinsu a sabon wuri don su sami abin farauta kusa da gida, wannan kuwa cin amanar manomi ne ƙarara.

Manomin da aka cinye wa gona yana da haƙƙin kafa tarko, ya kira jirgi, ya sa madubin dare, ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Aikin kawar da annoba yake yi. Amma in ana maganar farauta a matsayin sana'ar da ake koyo a wurin na gaba a kuma koyar da na baya, tana hannun mutumin da ya yarda ya matso mita 50 ko ya koma gida hannu rabbana. Duk uban da zai koya wa ɗansa harbi a can, ya fara masa da ƙarfen saiti kafin ya saya masa madubi.