Daɗin Ganewa: Nazari a kan Finafinan Haɗuwar Jarumai na Marvel

A ƙarshen fim ɗin Iron Man na 2008, bayan an gama jera sunayen ma'aikata, galibin ƴan kallo kuwa sun riga sun fice, sai ga wani mutum mai rufaffen ido ɗaya a gidan Tony Stark. Shi ne Nick Fury, ya zo da zancen haɗa ƙungiyar jarumai. Wannan ɗan gutsure alkawari ne, kuma kamfanin Marvel ya cika shi a 2012 da The Avengers na Joss Whedon, inda aka tara jarumai shida, huɗu daga cikinsu kowanne ya riga ya samu nasa fim. Abin da wannan takarda take son dubawa shi ne irin daɗin da masoya suke ji idan aka yi wannan haɗuwa, da kuma abin da labari yake rasawa saboda shi.

A 2019 Martin Scorsese ya ce waɗannan finafinai ba sinima ba ne, sun fi kama da wuraren wasa masu lilo da majaujawa. A ganinmu ya faɗi abin da suka rasa, amma bai bayyana dalilin da ya sa baligai suke ihu, wasu har da hawaye, a ɗakin kallo ba. Mu ɗauki misali guda. A cikin Age of Ultron (2015) jaruman suna hira da raha, kowa yana gwada ɗaga gudumar Thor, wadda ba ta ɗaguwa sai ga wanda ya cancanta. Duk suka kasa, in ban da Captain America da ya ɗan motsa ta, har fuskar Thor ta sauya. Aka bar zancen nan. Sai bayan shekara huɗu, a tsakiyar yaƙin ƙarshe na Endgame (2019), gudumar ta tashi ta faɗa hannunsa. Ga wanda bai ga fim ɗin 2015 ba, wani mutum ne kawai ya ɗauki guduma. Ga masoyi kuwa, bashi ne aka biya shi. Ke nan ma'anar wannan fitowa tana ajiye a cikin kan mai kallo, shi ya zo da ita daga gida. Wannan ne muke kira daɗin ganewa. Endgame, wanda shi ne na 22 a jerin, an gina shi kacokan a kan haka, tun da jarumansa suna komawa baya cikin lokaci, su sake shiga yaƙin Niyok na fim ɗin 2012. Ya samu kimanin dala miliyar 2.8.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Littattafan zane na Amurka sun haɗa jarumansu tun 1940 a All Star Comics, kuma Stan Lee da Jack Kirby sun ƙago Avengers a 1963. Ɗaliban adabin Faransanci ma sun san ta wajen Balzac, wanda ya mai da dawowar taurari ƙa'ida daga Le Père Goriot (1835): Rastignac da muka sani ɗalibi matalauci, mu sake haɗuwa da shi a wani littafi ya zama minista. Wani zai ce ai Gizo ma haka yake, ba a gabatar da shi ga mai sauraro. Gaskiya ne, amma da bambanci. Kowace tatsuniya tana tashi da Gizo sabo, dukan da ya sha jiya bai shafi ta yau ba. A wajen Balzac da Marvel ana lissafi, abin da ya faru yana bin tauraro.

To a nan ne matsala take, domin lissafin Marvel yana da iyaka, kuma kasuwa ce ta shata ta. A ƙarshen Infinity War (2018) Thanos ya hallaka rabin masu rai, Black Panther da Spider-Man suka zama ƙura a gaban idonmu. Amma wane masoyi ne ya yarda? Fim ɗin Black Panther da ya fito a watan Fabrairu na shekarar ya haura dala miliyar 1.3, kuma an san ana shirya wani Spider-Man na 2019. Sanin da ya sa masoyi ya yi ihu saboda guduma, shi ne kuma ya hana shi jin zafin mutuwa. Tsoho Goriot ya mutu ƴaƴansa mata ba su je jana'izarsa ba, kuma babu wani littafi da ya dawo da shi. Dole mu yi adalci: Endgame ya kashe Tony Stark, kuma mutuwar ta ratsa mutane, don sun yi shekara 11 tare da shi. Sai dai a watan Yuli na 2024 aka sanar cewa Robert Downey Jr. zai dawo cikin jerin a matsayin Doctor Doom.

Abin da ya faru da masu kwaikwayo yana ƙarfafa ra'ayinmu. Justice League (2017) ya tara Flash, Aquaman da Cyborg tun kafin kowannensu ya samu nasa fim, mai kallo bai da abin da zai gane, aka yi haɗuwa babu murna. Kamfanin Universal ya sanar da tasa duniyar ta dodanni da The Mummy a wannan shekara, ta tsaya a fim ɗaya.

Marvel kuma ta faɗi ta ɗaya gefen. Daga 2021 ta soma zuba finafinai masu dogon zango a Disney+, ganewa ta koma aikin gida irin na ɗan makaranta. Wanda bai kalli WandaVision ba zai sha wuyar fahimtar abin da ya mai da Wanda muguwa a Doctor Strange na 2022. The Marvels (2023) ya jingina biyu daga cikin taurarinsa uku a kan irin waɗannan shirye-shirye, ya tashi da kimanin dala miliyon 206, alhali Captain Marvel na 2019, wanda shi ne tushensa, ya haura miliyar ɗaya.