Fim ɗin Lionheart: Bahaushe ya samu kujera, amma wane Bahaushe?

Fim ɗin da zan yi magana a kansa ba sabo ba ne, tun 2018 ya fito, sai dai yanzu ne yaranmu suke ta yawo da shi a waya, ni ma aka nuna mini. Sunansa Lionheart. Genevieve Nnaji ce ta ba da umarni, ita ce kuma ta fito a matsayin Adaeze.

Labarin kamfanin motocin haya ne a Enugu. Mai kamfanin, Cif Obiagu, ya kwanta rashin lafiya, ya ɗora ƙaninsa Godswill a kan kujera maimakon 'yarsa Adaeze da ta san aikin ciki da waje. Can sai aka gano ana bin kamfanin bashin naira miliyan 950, an kuma ba su kwana 30. Mafitar da suka samu ita ce haɗa jari da kamfanin wani attajirin Kano, Alhaji Maikano, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, Yakubu Mohammed kuma ɗansa Hamza.

Mu da muke zaune a kudu mun san yadda finafinan nan suka saba nuna mu: maigadi mai rediyo a kunne, ana kiransa aboki, yana kwaɓa Turanci ana dariya. A nan kuwa Bahaushe ne ake zuwa gidansa neman mafita, ya zauna ya saurara cikin natsuwa. Wannan kaɗai ya isa a yaba.

Wurare biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko, inda wasu 'yan kasuwa suke ƙulla yadda za su cuci Hamza da harshen Ibo, shi yana zaune bai san me ake cewa ba, sai Godswill ya ji ya tona musu asiri. Wallahi duk wanda ya taɓa sauke buhun albasa a kasuwar da ba ya jin yarenta ya san wannan zaman. Ana murmushi da kai ana yanka ka. Shi ya sa kullum nake ce wa iyaye su bar yara su iya yaren gari, ba ya rage musu Hausa ko addini. Na biyu, inda Cif ya juya harshe ya yi wa Alhaji Hausa, nan take fuskoki suka saki. Pete Edochie da ya fito a Cif ɗin a Zariya ya tashi, don haka Hausar ba ta haddar rana ɗaya ba ce.

To amma ina da ƙorafi. Cinikin ya zo da sauƙi fiye da kima. Wane ɗan kasuwar Kano ne zai rungumi kamfani mai bashin miliyan 950 bayan ɗan zama da hira? Ina binciken littafi, ina shaidu, ina ja-in-ja a kan kaso? Sannan ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda bashin banki da ruwansa ke cinye dukiya. An wuce wurin kamar ba shi ne tushen matsalar ba.

Babban ƙorafina kuwa, Bahaushen fim ɗin baƙo ne daga Kano. Mu da muke nan shekara da shekaru, masu shanu, masu gwari, 'yan canji, direbobi, ba a ga ko inuwarmu ba. Alhali a garin nan na Enugu aka zaɓi Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko. Mai kallo zai ɗauka sai an yi tafiyar yini guda kafin Ibo ya ga Bahaushe, bayan ga mu nan katanga ɗaya.

A 2019 an cire fim ɗin daga gasar Oscar saboda Turanci ya rinjayi Ibo a cikinsa. Ni ma da an tambaye ni, da na ce a ƙara Ibo da Hausar, don a nan ne 'yan wasan suka fi sakewa.

Ta fuskar tarbiyya, babu rawar da muka gaji da ita a namu finafinan, kuma yarinyar tana girmama iyayenta ko da an danne mata haƙƙi. Akwai 'yar shigar da ba irin tamu ba, uba ya fara gani kafin ya ba yara.