Agogo Sarkin Aiki: Agogon Wani da Darajarsa a Ƙasar Daura

Wanda ya tsaya kallon hawan Sallar Gani a ƙofar fadar Daura, in dai mai lura ne, zai ga wani ɗan motsi da wasu dattawa kan yi. Mutum zai janye hannun babbar riga, ya kaɗa tsintsiyar hannunsa sau biyu ko uku, sannan ya dubi agogo. Yaran da ke kusa da shi wayar salula suke dubawa, kuma tasu ta fi tasa faɗin lokaci daidai. Shi dattijon ya san haka, amma bai cire nasa ba. Kaɗa hannun nan da ya yi, abinci ya ba agogon, domin irinsa ba ya cin batir, motsin mai shi yake ci.

Kafin agogo ya shigo, Bahaushe ba ya ɓatan lokaci. Yana da asuba da hantsi da walaha, yana da azahar da la'asar da almuru, ladani kuma yana auna inuwa da tafin ƙafa. Kalmar agogo ita kanta baƙuwa ce, daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. Cewar da muke yi "ƙarfe uku" kuwa ragowar zamanin da ake buga ƙarfe ne a bariki da makaranta don a sanar da sa'a. Wato lokacin agogo da kunne muka fara saninsa, tun kafin ya hau hannunmu. Da ya hau kuwa, sai muka yi masa kirari da sarkin aiki, kuma bai ci kirarin a banza ba.

In aka buɗe bayan agogon wani, wato wanda ake wanawa, abin da za a tarar ya isa a yi tasbihi. Akwai siririn sifirin a nannaɗe cikin ɗan gwangwani, shi ke riƙe ƙarfin da aka wana. Ƙarfin yana bin jerin ƙafafu masu haƙora har ya isa ga wata 'yar ƙafa da ke lilo gaba da baya, wadda ke sakin sa kaɗan-kaɗan. A Seiko 5 irin ta iyayenmu, bugun nan sau 21,600 ne a awa ɗaya, wato shida a kowace daƙiƙa, dare da rana. Rubutun nan na duwatsu 17 ko 21 da ke fuskar agogo ba ado yake nufi ba. Ƙananan yaƙutu ne na haɗi da ake dasawa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, don kada ya cinye. A mai wana kansa, wanda masu gyara ke kira otomatik, an ƙara wani faifai mai nauyi, rabin da'ira, da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa. In ka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya, domin ƙarfin da yake tarawa bai cika wuce awa 40 ba.

A Turai agogon hannu ya daɗe yana matsayin kayan adon mata. Abraham-Louis Breguet ya karɓi aikin ƙera wa sarauniyar Naples guda a 1810, maza kuwa na aljihu suke riƙewa. Louis Cartier ya yi wa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont na hannu a 1904, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya ra'ayin maza, don sojan da ke cikin rami ba shi da sukunin laluben aljihu. Hans Wilsdorf, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Rolex a Landan a 1905, ya fito da wanda ruwa ba ya shiga a 1926, da mai wana kansa a 1931.

Mu a nan, babbar ƙofar da agogo ya shigo ta cikinta ita ce hanyar Makka. Ma'aikatan En'e da malaman makaranta sun riga kowa ɗaurawa, gaskiya ne, amma shekarun 1970 ne suka kai shi Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua. Kuɗin fetur sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, alhazan Najeriya suka haura 100,000 a 1977. Alhaji ya dawo da zamzam da dabino da haƙorin Makka, a hannunsa kuma ga Seiko 5, ko Citizen, ko Orient, in mai hali ne ga Rado ko Omega. Seiko 5 ta fito tun 1963, kuma waɗanda aka yi domin kasuwar ƙasashen Larabawa suna nuna ranar mako da rubutun Larabci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya yi karatun allo bai yi boko ba, tunda ga na'ura daga Japan tana gaya masa yau Juma'a ce da haruffan da ya sani. Rado DiaStar kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1962 da ƙarfen da ba ya ƙarzuwa, ita ta zama shaidar cewa ɗan kasuwa ya kama ƙasa.

A daidai shekarun da muke rungumar agogon wani, can inda ake ƙera shi yana gargarar mutuwa. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir da dutsen kwatz na farko da ya shiga kasuwa, wanda ɗan dutsen da ke cikinsa ke kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa. Cikin 'yan shekaru irinsa ya yi araha, kuma kuskuren da agogon wani ke yi a yini, shi sai ya yi wata bai yi ba. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, da suka kai kusan 90,000 a 1970, suka koma kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan a shekarun 1980. Kamfanonin da suka tsira sun gane cewa ba za su ci kasuwar faɗin lokaci ba, sai suka koma sayar da gwaninta da asali. Daga nan agogon wani ya zama kayan alfarma. A Oktoban 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona ta ɗan fim Paul Newman a Niyok kan dala miliyan 17 da ɗoriya, a Nuwamban 2019 kuma wata Patek Philippe ta kai faran miliyan 31 na Suwizalan a Jeniba.

Me mai tara agogo yake saye da wannan maƙudan kuɗi? Ba ƙarfe ba ne, domin Daytona ɗin nan ko zinare ba ta da shi. Hannun da ya ɗaura ta aka saya, da rubutun da matarsa ta sa aka zana a bayanta. A nan ne nake ganin mutumin Daura ba ya bukatar wani ya zo ya koya masa komai. Garin da ke riƙe da rijiyar Kusugu, da takobin da ake jingina wa Bayajida, ya san cewa darajar abu tana ga wanda ya riƙe shi da labarin da ke biye da shi. Rigar da sarki ya tuɓe ya ba bafade ta fi sabuwa ta kanti, ko da zarensu ɗaya. Haka Sarkin Oman Qaboos ya riƙa ba da kyautar agogon Rolex masu tambarin wuƙar ƙasarsa, yau kuma masu tarawa suna rububinsu. Tambayoyin da gwanayen gwanjo ke yi su ne irin waɗanda dillalin doki ke yi a kasuwa: daga wane gida ya fito, wa ya riƙe shi, an taɓa sauya masa wani abu?

Ban yarda da duk abin da ke cikin wannan harka ba. Namiji musulmi an hana shi ɗaura zinare, kuma wannan ya isa ya rufe ƙofar rabin abin da ake talla. Mai riƙe da amanar jama'a da zai ɗaura kuɗin rijiyoyin burtsatse goma a hannu, alhali ƙauyensa na sayen ruwa a jarka, ba son gwaninta ke damunsa ba, son a gani ne. Ga kuma jabu da ya cika kasuwa, mai sunan Rolex a fuska da injin batir a ciki, wanda ke koya wa samari cewa suna ya fi aiki. Son da nake karewa daban yake. Shi ne na mutumin da ke riƙe da agogo ɗaya ko uku, ya san shekarar kowanne, yana sa shi a kunne ya gane lafiyarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu gyara. A da kowace babbar kasuwa tana da mutumin nan mai ɗan akwatin gilashi, da madubi a maƙale a ido, da hantsaki siriri kamar tsinke. Shi ke warware agogo gaba ɗaya, ya wanke ƙurar hunturu, ya ɗiga mai da bakin allura, ya mayar da kowane haƙori mazauninsa. Yau da yawansu sun koma sauya batir da rage sarƙa, yaran da ya kamata su gaje su kuma sun tafi gyaran waya. Ni kaina na ɗanɗana. Seiko ɗin da mahaifina ya zo da ita daga Hajji ta tsaya, na kai wa wani mai gyara, bayan kwana uku ya miƙo mini ita tana tafiya. Sai da na ga hannun daƙiƙa yana tsalle ɗaya-ɗaya maimakon sulalawar da na sani, na gane ya cire injin ya sa na batir. Ya ce mini, "Alhaji, ai wannan ya fi, ba ruwanka da wani." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma tsohon injin ya riga ya salwanta, kuma shi ne abin da ya yi shekaru yana bugawa a jikin mahaifina.

Akwai irin waɗannan agogo da yawa a gidajenmu, cikin adaka da ƙasan akwatin ƙarfe, an ajiye su tun ranar rabon gado don an ɗauka sun mutu. Yawancinsu mai ne kawai ya bushe. In kana da guda, kada ka girgiza shi da ƙarfi, kada ka bari a buɗe shi a cikin ƙura. Nemi dattijon da ya iya aikin, ko da sai ka je Katsina ko Kano, ka gaya masa tun farko cewa wanki kake so ba sauyin inji ba, kuma duk abin da ya cire ya ba ka a hannu. Ka biya shi kuɗin gwaninta ba tare da ja-in-ja ba, in kana da yaro mai natsuwa ka tafi da shi ya gani. Sannan ka rubuta a takarda sunan wanda ya saye shi, da garin da ya saye shi, da shekarar, ka ajiye tare da agogon.